Paul Hindemith: Makaɗin Da Gwamnatin Hitila Ta Rufe Wa Kasuwa

A daren 20 ga Janairun 1936, saura 'yan mintoci sha biyun dare ta buga, Sarkin Ingila Joji na Biyar ya mutu. Fataken da suka yi zirga-zirga tsakanin Kano da Kumasi a wancan zamani sun san fuskar wannan sarki sarai, domin kansa ne a jikin sule da fatakar da suke ƙirgawa. A daidai lokacin akwai wani baƙo daga Jamus a birnin Landan, wanda gidan rediyon BBC ya gayyato domin ya kaɗa wani sabon kiɗansa ranar 22 ga watan. Da gari ya waye sai aka soke taron, saboda kiɗan da ya zo da shi an gina shi ne a kan tsofaffin waƙoƙin gargajiyar Jamusawa, bai dace da zaman makoki ba.

Shugabannin sashen kiɗa na gidan rediyon ba su so baƙon ya koma hannu rabbana ba. Aka duba cikin abin da ake da shi ko za a sami kiɗan da ya dace da ranar, ba a samu ba. Sai aka ba shi ofis, aka tanadar masa masu kwafi, ya zauna tun ƙarfe 11 na safe har zuwa 5 na yamma yana rubutu. Kafin sarkin ya cika kwana biyu da mutuwa, an watsa sabon kiɗan kai tsaye a rediyo, shi da kansa yana riƙe da biyolarsa, Adrian Boult kuma yana jagorantar sauran makaɗan. Sunan kiɗan Trauermusik, wato kiɗan makoki da Jamusanci. Bai kai minti goma ba, amma har yau ana kaɗa shi a wuraren juyayi a ƙasashe da dama.

Wannan baƙo shi ne Paul Hindemith, gwanin biyola, mai tsara kiɗa, malami, kuma madugun makaɗa. Mun san kiɗansa ba irin wanda ake ji a tashoshin mota da rumfunan kasuwanninmu ba ne. Abin da ya sa muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu tarihinsa shi ne, mutumin ya ɗauki kiɗa a matsayin sana'ar hannu, kamar ɗinki ko ƙira: a auna mai buƙata, a yi masa daidai da shi, a cika alkawari a kan lokaci. Sa'annan rana ɗaya hukumar ƙasarsa ta rufe masa kasuwa, ya zamana dole ya ƙetare iyaka bayan iyaka da abin da ya iya. Duk ɗan kasuwar da aka taɓa garƙame wa iyaka alhali kayansa na kan mota, zai gane wani abu a cikin wannan labari.

Mece ce biyola?

Turawa suna da wasu kayan kiɗa 'yan gida ɗaya guda huɗu, waɗanda ake gogawa da baka mai gashin wutsiyar doki, kamar dai yadda namu makaɗan ke goga goge. Ƙaraminsu, mai siririyar murya, shi ne biyolin. Mai bi masa ita ce biyola. Sai celo da ake dafewa tsakanin gwiwoyi, sai kuma babbansu wanda ya kai tsayin mutum. Ana saƙala biyola a ƙarƙashin haɓa kamar biyolin, tsirkiyarta huɗu, amma ta fi shi girma kaɗan da kaurin murya, kwatankwacin yadda goge ya fi kukuma. Gangar jikin biyolin ba ta wuce kimanin santimita 36, ta biyola kuwa takan kama daga 38 zuwa 43.

A cikin babban rukunin makaɗa, biyola ce ke riƙe da tsakiya, tsakanin masu siririyar murya da masu kauri. Kamar gishiri take a miya, ba a ganinsa, amma in babu shi kowa zai sani. Saboda haka ne aka daɗe ana raina ta. Manyan masu tsara kiɗa ba su cika rubuta mata abin da za ta fito ita kaɗai ba, kuma sau da yawa wanda ya kasa a biyolin shi ake tura wa ita. Mutane kaɗan ne suka fitar da ita daga wannan ƙasƙanci a farkon ƙarni na 20, cikinsu akwai Lionel Tertis a Ingila, da William Primrose ɗan Sikotilan, da kuma Hindemith a Jamus.

Ɗan mai fenti

An haifi Paul Hindemith ranar 16 ga Nuwamban 1895 a garin Hanau, kusa da Frankfurt. Mahaifinsa mai fentin gidaje ne, talaka, mai zafin hali, wanda ya ƙudurta cewa 'ya'yansa uku sai sun zama makaɗa ko ana ha-maza ha-mata. Tun suna ƙanana yake zagayawa da su ƙauyuka suna kiɗa. A 1908 Paul ya shiga makarantar koyon kiɗa ta Hoch da ke Frankfurt, inda ya koyi biyolin a hannun Adolf Rebner, ya kuma koyi tsara kiɗa. Kuɗin kashewa kuwa da guminsa yake samu: yana kiɗa a gidajen shan gahawa, da wuraren rawa, da gidajen silima na lokacin da fim ba ya magana, sai an sa makaɗa a gefe. A nan ya saba da yi wa kowane taro irin kiɗan da ya zo nema.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, mahaifin ya shiga soja, aka kashe shi a fagen daga a 1915. Nauyin gida ya dawo kan Paul. A 1916, yana ɗan shekara 20, ya zama shugaban masu biyolin a gidan opera na Frankfurt, wato gidan da ake wasan kwaikwayo da waƙa maimakon magana. A 1917 shi ma aka ɗauke shi soja, aka ba shi babbar ganga a cikin 'yan badujala. Hafsan da ke shugabantarsu mai son kiɗa ne, don haka ya sa Hindemith ya haɗa ƙungiyar makaɗa huɗu suna yi masa wasa.

Hindemith da bakinsa ya ba da labarin wata rana a watan Maris na 1918, suna cikin kaɗa wani kiɗan Claude Debussy, wanda Bafaranshe ne, wato ɗan ƙasar da suke yaƙi da ita, sai wani jami'in sadarwa ya shigo da labarin cewa Debussy ya mutu. Suka kasa ƙarasa kiɗan. Ya ce a ranar ne ya gane cewa kiɗa ya wuce iyakar ƙasa da gabar siyasa.

Bayan yaƙi, a 1919, ya ajiye biyolin ya rungumi biyola. A 1921 suka kafa ƙungiyar mutum huɗu mai suna Amar, da sunan jagoranta Licco Amar, ƙanensa Rudolf yana kaɗa celo. Sun zagaye Turai suna wasa har zuwa 1929. Rayuwarsa a waɗannan shekaru ta matafiyi ce, yau nan gobe can, kuma a cikin jirgin ƙasa yake yawan rubutunsa. A 1922 ya rubuta ɓangare biyu na wani kiɗan biyola a taragon cin abinci tsakanin Frankfurt da Kolon, ya sauka ya hau dandamali ya kaɗa shi. A watan Oktoban 1929, da Tertis ya ƙi karɓar sabon kiɗan biyola da wani matashin Ingila, William Walton, ya rubuta masa, Hindemith ne ya zo Landan ya kaɗa shi karon farko. Yau wannan kiɗa yana cikin waɗanda kowane ɗalibin biyola ke fatan ya iya.

Ɗinki daidai da mai riga

A 1927, yana da shekara 31, aka ba shi kujerar farfesa a babbar makarantar kiɗa ta Balin, babban birnin Jamus. Duk da wannan matsayi, da yamma yakan tafi unguwar ma'aikata ta Neukölln ya koyar da waɗanda ba su da niyyar cin abinci da kiɗa, sha'awa kawai ta kawo su. Ra'ayinsa shi ne, mai tsara kiɗa bai kamata ya kulle kansa a ɗaki yana rubuta abin da ba wanda ya nema ba. Ya san wa zai kaɗa, ina za a kaɗa, kuma don me. Daga nan aka laƙaba wa irin wannan aiki nasa sunan kiɗan amfani, ko da yake daga baya shi kansa ya gaji da laƙabin.

Babban misali shi ne abin da ya yi a garin Plön a watan Yunin 1932. Ya je wata makarantar kwana, ya saurari yaran, ya ga abin da kowa ya iya, sa'annan ya rubuta musu kiɗan da za su yi na yini guda cur: na safe da masu ƙaho za su busa daga saman hasumiya, na lokacin cin abincin rana, da na taron dare. Wanda bai ƙware ba aka ba shi abin da hannunsa zai kai, wanda ya ƙware aka ba shi mai wuya. A tsawon rayuwarsa kuma ya rubuta wa kusan kowane kayan kiɗa na babban rukuni nasa kiɗan na musamman, har da waɗanda sauran masu tsarawa ba sa waiwaya.

Ranar da kasuwa ta juya

A watan Janairun 1933 Hitila ya hau mulkin Jamus. Hindemith ba Bayahude ba ne, ba kuma ɗan siyasa ba ne, amma 'yan Nazi suna da abin da suka riƙe masa. Matarsa Gertrud, wadda ya aura a 1924, mahaifinta Bayahude ne. Abokan wasansa biyu, Szymon Goldberg da Emanuel Feuermann, Yahudawa ne, kuma bai bar yin kiɗa da su nan take ba. Sa'annan a wani wasan opera nasa na 1929 an nuna mace tana waƙa a cikin bahon wanka, abin da suka ɗauka a matsayin fitsara.

A wannan yanayi ne ya rubuta babban aikinsa, Mathis der Maler, a kan wani mai zane na Jamus da ya rayu lokacin tawayen manoma na wajen 1525, wanda ya rasa ko ya ci gaba da zanensa ko ya ajiye ya shiga gwagwarmaya. Tambayar da ke damun Hindemith ke nan ya sa a bakin mai zanen. A watan Maris na 1934 shahararren madugu Wilhelm Furtwängler ya gabatar da wani ɓangare na kiɗan a Balin, jama'a suka karɓe shi hannu bibbiyu. Amma hukuma ta hana a nuna cikakken wasan, wanda a cikinsa akwai wurin da ake ƙona littattafai, abin da 'yan Nazi suka yi a zahiri a 1933. Furtwängler ya rubuta maƙala a jarida a watan Nuwamba yana kare shi. Sakamakon haka, a watan Disamba ministan farfaganda Joseph Goebbels ya tsaya a gaban taro ya kira Hindemith mai tayar da hayaniya kawai, shi kuma Furtwängler ya sauka daga muƙamansa.

A nan ya kamata mu faɗi gaskiya, kada mai karatu ya ɗauka labarin jarumi muke bayarwa. Hindemith bai tattara ya tafi ba. Ya yi ta lallami, yana fatan guguwar za ta wuce ya ci gaba da aikinsa a gida. A watan Janairun 1936, wato watan da ya rubuta kiɗan makokin nan a Landan, ya sa hannu a takardar rantsuwar biyayya ga Hitila, wadda ake nema daga ma'aikatan gwamnati. Masu tarihi har yau suna muhawara a kan wannan. Abin da ba a muhawara a kai shi ne, lallamin bai saya masa komai ba. A watan Oktoban wannan shekara aka haramta kaɗa kiɗansa a duk faɗin Jamus. A 1937 ya ajiye aikin koyarwa a Balin. A 1938 aka baje sunansa a wani nuni da hukuma ta shirya a Düsseldorf na abin da ta kira gurɓataccen kiɗa. A shekarar ce aka nuna cikakken Mathis der Maler karon farko, amma a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan, kuma a shekarar ce shi da matarsa suka ƙaura zuwa wani ƙauyen kan dutse a can.

Zangon Ankara

Tun kafin wannan ƙaura, wata ƙofa ta buɗe masa a gabas. Gwamnatin Turkiyya a ƙarƙashin Mustafa Kemal Atatürk tana son kafa makarantun kiɗa irin na Turai, sai ta gayyace shi ya ba da shawara. Tsakanin 1935 da 1937 ya je ƙasar sau huɗu, ya zagaya, ya rubuta dogayen rahotanni a kan yadda za a horar da malamai, da kayan da za a saya, da yadda za a tsara darussa. A kan shawararsa aka kafa makarantar kiɗa ta gwamnati a Ankara a 1936, wadda har yanzu tana aiki.

Hukumomin Jamus ba su hana shi waɗannan tafiye-tafiye ba, domin suna ganin tallar ƙasarsu yake yi. Sai dai da yawa daga cikin ƙwararrun da suka sami aiki a Ankara ta hanyarsa mutane ne da mulkin Nazi ya raba da abincinsu, irin su Carl Ebert mai shirya wasan kwaikwayo, da madugu Ernst Praetorius, da malamin kiɗa Eduard Zuckmayer. Tsohon abokin tafiyarsa Licco Amar shi ma a makarantar ya zauna yana koyarwa shekaru masu yawa.

Malami a Amurka

Da Yaƙin Hitila ya kankama, zaman Suwizalan ma ya daina ba shi kwanciyar hankali. A watan Fabrairun 1940 ya shiga jirgin ruwa zuwa Amurka shi kaɗai, yana da shekara 44, matarsa ta biyo shi bayan watanni. Gida, da muƙami, da masu sauraron da ya tara cikin shekara ashirin, duk sun zauna a baya. Ya fara da koyarwa nan da can, kafin Jami'ar Yale ta ɗauke shi, inda ya zauna har 1953. A 1946 ya zama ɗan ƙasar Amurka.

A wannan shekara ta 1940 ya yanke wata shawara da ba kowane gwani ke iya yankewa ba. Ya saurari faifan da aka ɗauka na kiɗansa, ya ji hannunsa bai kai yadda yake so ba, sai ya daina fita gaban jama'a a matsayin gwanin biyola. Bai jira masu sauraro sun gaya masa ba.

A aji kuwa, ɗalibai sun san shi da tsanani. Ko mutum ya zo da takardun shaida, sai ya mayar da shi tushe: ya rera abin da ke rubuce, ya tafa daidai da ƙa'ida, ya rubuta layi biyu masu tsabta kafin ya yi mafarkin babban aiki. Yana kuma son duk mai tsara kiɗa ya iya kaɗa abin da yake rubuta wa wasu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya kafa ƙungiya a jami'ar da ke farfaɗo da kiɗan ɗaruruwan shekaru da suka wuce, da irin kayan kiɗan zamanin. Ya rubuta littattafan koyarwa, cikinsu har da wani na horar da masu farawa da ya fito a 1946, wanda makarantun kiɗa suka daɗe suna amfani da shi. Cikin waɗanda suka zauna a gabansa a Amurka akwai Lukas Foss, da Norman Dello Joio, da Mel Powell, waɗanda duk suka yi suna daga baya.

Madugu a ƙarshen tafiya

Bayan yaƙi Jamusawa sun yi ta kiran ya dawo. Ya ziyarci ƙasar, ya yi aiki a cikinta, amma bai sake zama a can ba. A 1951 ya karɓi koyarwa a Jami'ar Zurich, a 1953 kuma ya tare a ƙauyen Blonay, a saman tafkin Janeba. Daga nan ne ya ba da ƙarfi ga sana'arsa ta ƙarshe, wato jagorancin makaɗa.

Madugun makaɗa ba ya kaɗa komai. Yana tsayawa ne a gaban mutum sittin zuwa ɗari da ɗan siririn sanda, shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a tsaya, shi ke nuna wa kowane sashe lokacin shigarsa, da inda za a ɗaga murya da inda za a sassauta, kamar yadda madugun ayari ke yanke lokacin tashi da wurin yada zango. Hindemith ya zo wannan matsayi da abin da ba kowa ke da shi ba, domin ya zauna a kujerar mai biyolin, da ta mai biyola, har da ta mai ganga, ya san wahalar kowa. A 1953 ya jagoranci babban kiɗan Beethoven na tara a bikin Bayreuth. A 1954 ya zagaya Kudancin Amurka. A 1956 ya tafi Japan da shahararren rukunin makaɗan birnin Biyana na ƙasar Ostiriya.

Sai dai in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Matasan masu tsara kiɗa na bayan yaƙi sun ɗauki wani sabon salo, suka riƙa kallonsa a matsayin tsoho mai tsohon yayi. Mutumin da 'yan Nazi suka kora saboda wai ya cika kawo baƙon abu, shi ne kuma yara suka juya wa baya saboda wai ya tsaya a jiya. Abin ya yi masa ciwo, ya mayar da martani da zafi a laccocinsa, amma bai canza hanyarsa ba. Ya ci gaba da aiki har watan Nuwamban 1963, lokacin da ya gabatar da kiɗansa na ƙarshe a Biyana. Ya mutu a Frankfurt ranar 28 ga Disamban 1963, yana da shekara 68, aka kai shi Suwizalan aka binne.

In muka yi lissafi irin na 'yan kasuwa, abin da hukuma ta iya ƙwacewa daga hannun Hindemith ba kaɗan ba ne: kujerarsa ta Balin, da dandamalin ƙasarsa, da zaman gida. Rantsuwar da ya sa wa hannu don ya tsira da su ba ta tsirar da ko ɗaya ba, sai tabo da ta bari a tarihinsa. Abin da ya ci abinci da shi a Ankara, da Yale, da Zurich, shi ne abin da ya fara koya yana yaro a gidajen gahawa na Frankfurt, wato sanin aikinsa tun daga tushe, da iya yin sa a kan lokaci ga duk wanda ya nema. Shi ya sa da BBC ta shiga tsaka mai wuya a waccan safiya ta Janairun 1936, aka ba shi tebur da takarda, kafin la'asar ta yi sanyi ya miƙa kaya.